Tetebatu: Tsakanin Gonar Shinkafa da Ɗakin Baƙi

Harkar yadi ce ta kai ni Jakarta ta ƙasar Indunusiya, kamar yadda take kai 'yan kasuwarmu da dama kasuwar Tanah Abang, inda mutum zai wuni yana hawa da sauka a benaye bai ga ƙarshen shaguna ba. A can na saba da wani matashi da ke ɗaure mana diloli. Ya yi shekaru yana tuƙi a Jidda, don haka Larabci ya zauna a bakinsa, da shi muke hira. Ɗan ƙabilar Sasak ne, daga tsibirin Lombok da ke gabas da Bali. Da jiran kayana ya ja lokaci, shi kuma aka sa ranar bikin ƙanwarsa, sai ya ce in zo mu je in ga ƙauyen Tetebatu inda aka haife shi. Ban yi gardama ba.

Daga Jakarta jirgi kan yi kusan awa 2 kafin ya sauka a filin jirgin Lombok da ke kusa da garin Praya. An buɗe filin a 2011, yanzu kuma yana ɗauke da sunan Tuan Guru Muhammad Zainuddin Abdul Madjid, malamin da ya yi karatu a makarantar Saulatiyya ta Makka, ya dawo garinsu Pancor ya buɗe makarantu, ya kafa ƙungiyar Nahdlatul Wathan a 1953. A 2017 gwamnati ta saka shi cikin gwarzayen ƙasa. Na kawo sunansa tun da wuri ne domin a gabashin Lombok da wuya ka shiga gidan da ba a rataye hotonsa a bango ba. Daga filin jirgi muka ɗauki mota muka bi ta Kopang da Terara, muka karya arewa zuwa Kotaraja, daga nan hanya ta fara hawa tana ƙanƙancewa. Ana yi wa Lombok kirari da tsibirin masallatai dubu, kuma ido ne zai ba ka shaida: kafin hasumiya ɗaya ta ɓace maka wata ta bayyana, wasu an gama su an yi musu fenti kore shar, wasu kuma ginin ya tsaya a rabi, samari na tsaye bakin titi da bokiti suna karɓar gudummawa.

Tetebatu na cikin gundumar Sikur ta Lombok ta Gabas, a gindin dutsen Rinjani ta kudu, a tudun da ya kai wajen mita 700. Shi Rinjani dutse ne mai aman wuta, tsawonsa mita 3,726, kuma a duk Indunusiya Kerinci na Sumatra ne kaɗai ya fi shi tsawo a cikin masu aman wuta. Da sassafe ake ganinsa tsaf, kafin hantsi gajimare ya lulluɓe shi. Duk arzikin ƙauyen daga jikinsa yake saukowa. Tokar da ya amayar tun zamanin da ita ta yi ƙasar baƙa wuluk mai albarka, dajin da ke kafaɗarsa kuma shi ke riƙe ruwan sama ya riƙa sakinsa ta idanun ruwa rani da damina. Gonakin shinkafa hawa-hawa ne, fangali bisa fangali, ruwa na zubowa daga na sama zuwa na ƙasa ta ƙananan magudanai. Ko'ina ka tsaya kana jin ƙarar ruwa. Ga wanda ya tashi inda ake auna damina da kwanaki, wannan abu ne da ke sa mutum ya yi tasbihi ba shiri.

Mahaifin abokina dattijo ne siriri, mai ƙarfin jiki, ba ya rabuwa da zane da baƙar hula. Kowa na ce masa Amaq, wato baba, matarsa kuma Inaq, wato inna, ni ma haka na bi. Su kuma suka laƙaba mini Pak Haji, wato Alhaji. Ba a cikin ɗaki aka karɓe ni ba. A tsakar kowane gida akwai wata rumfa ta katako mai ɗagaggen daɓe da rufin ciyawa, ba ta da bango, suna ce mata berugaq. Nan ake saukar baƙo, nan ake cin abinci, nan ake ɗaura magana a kwance ta, nan yara ke karatun Alƙur'ani bayan magariba. Aka kawo kofi baƙi mai kauri wanda Inaq ta soya da kanta a kaskon ƙasa, ta haɗa da 'yar shinkafa ta daka. Bayansa aka kawo shinkafa fara da wani ganyen ruwa da aka zuba wa dakakken barkono da tumatir, da soyayyen waken suya da suke kira tempe, da kaza gasasshiya. Yajinsu ba na wasa ba ne. Shinkafa kuwa safe, rana da dare. Da na gaya musu cewa a ƙasarmu babu yaron da bai san Indomie ba, har da yawa sun ɗauka abincin gida ne, sai murna ta kama su, aka aika yaro kanti ya sayo don in gwada ta asali.

Sallar asuba ta farko na idar da ita ina jin wani abu a raina, domin alƙibla a can tana wajen faɗuwar rana ne, ka ba gabas baya. Shafi'awa ne. Liman na bayyana bisimilla, kuma a raka'a ta biyu bayan an ɗago daga ruku'u sai a ɗaga hannu a yi alƙunutu a bayyane, mamu na amsawa da amin. Ba wanda ya dube ni don na saki hannu. Bayan sallama aka yi zikiri tare, aka bi layi ana musafaha, kafin gari ya waye sosai kowa ya saɓa fartanya.

Bikin da ya kawo mu na ga ƙarshensa ne kawai, wato rakiyar ango da amarya zuwa gidan iyayen amarya, wadda suke kira nyongkolan. An tare hanya, 'yan mata sanye da baƙaƙen riguna da zannuwa masu zaren zinari, samari ɗauke da manyan ganguna da sai an rataya su a kafaɗa. Ya ƙayatar. Amma abin da ya tsaya mini a rai daga tafiyar nan ba bikin ba ne, wata magana ce da ta taso a kan rumfar nan bayan baƙi sun watse, maganar gona.

Gonar Amaq ba ta kai rabin hekta ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a can, domin ƙidayar manoma ta 2023 ta nuna cewa fiye da rabin gidajen manoman Indunusiya abin da suke nomawa bai kai rabin hekta ba. Ba ma da hekta suke lissafi ba, da wani ma'auni ne da ake kira are, murabba'in mita 100, kuma da shi ake cinikin fili. Kakan Amaq ya bar gona mai faɗi, aka raba wa 'ya'ya, 'ya'ya suka raba wa jikoki, kowane rabo fangali na raguwa. Da damina, wadda a can take farawa wajen Nuwamba ta kai Maris ko Afrilu, shinkafa ake dasawa. Da rani, lokacin da mu muke tsakiyar damina, da yawa sukan juya zuwa taba, domin Lombok na cikin manyan wuraren noman taba samfurin Bajiniya a ƙasar. Za ka ga dogayen ɗakunan bulo marasa taga a bakin gonaki, a ciki ake gasa ganyen kwana da kwanaki. Taba ce ke kawo kuɗi a dunƙule idan shekara ta yi kyau, ita ce kuma ke jefa manomi bashi idan ruwa ya sauko ba lokacinsa ba ko kamfani ya karya darajar ganye. Ban ji daɗin ganin yara ƙanana suna ɗaure ɗanyen ganye da hannu ba, domin gubar taba na shiga ta fata, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto a kan haka a 2016 wanda ya haɗa da Lombok. Ga kuma itacen da ake ƙonawa wajen gashi, wanda wani ɓangarensa daga dajin da ke ba su ruwa yake fitowa.

Abin da gona ta kasa, ci-rani ke cikewa. Lombok ta Gabas, mai mutane sama da miliyan 1.3, tana sahun gaba a cikin yankunan da suka fi tura ma'aikata waje. Maza na tafiya Maleshiya yankan kwakwar manja, mata da dama sun yi aikatau a Saudiyya da maƙwabtanta, har gwamnati ta dakatar da tura 'yan aikin gida Gabas ta Tsakiya a 2015 saboda cin zarafi, ko da yake masu bi ta bayan fage ba su daina ba. Idan ka ga gidan siminti mai tayil da fenti a ƙauyen, tambayi waye ke waje. Babban wan abokina yana Maleshiya, 'ya'yansa na hannun kakarsu. Kuɗin tafiyarsa ma jinginar da wani ɓangare na gonar aka yi aka samu, kuma har lokacin ba a fanshe ba. Akwai dokar 1960 da ta ce gonar da ta shekara 7 a jingina a mayar wa mai ita ba tare da biyan fansa ba, tunda wanda ya riƙe ta ya ci amfaninta. Da na ambata wa Amaq sai ya girgiza kai. Wanda ya ba shi kuɗin maƙwabcinsa ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, ba zai kai shi gaban hukuma ba.

To ana cikin wannan hali sai ga dillali ya zo da wani Bature. Abin da ya ja hankalinsa shi ne kusurwar gonar ta sama, inda idan ka juya arewa ka ga Rinjani, idan ka juya kudu ka ga gonaki sun gangara har inda ido ya ƙare. Yana son ya gina masauki mai ɗakuna da wurin ninƙaya. Dillalin ya kawo hanya biyu: ko a sayar a rubuta da sunan wani ɗan ƙasa, ko a ba da haya ta shekara 25 a biya kuɗin gaba ɗaya. Kuɗin da aka ambata, in ji abokina, mahaifinsa bai taɓa riƙe kwatankwacinsa ba tun da aka haife shi.

A nan zan ɗan tsaya, domin na san akwai 'yan'uwa da ke ganin tallace-tallace a intanet cewa ana sayar da fili da arha a Lombok ko Bali, har wasu sun tambaye ni bayan na dawo. Dokar filaye ta Indunusiya, mai lamba 5 ta 1960, ba ta da lauje cikin naɗi. Cikakkiyar mallaka, wadda suke kira Hak Milik, ta ɗan ƙasa ce kaɗai. Sashe na 26 ya ce duk cinikin da aka yi don a miƙa irin wannan mallaka ga baƙo, kai tsaye ko ta kewaye, ɓatacce ne, filin ya koma hannun gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a nemansa. Ke nan wanda ya saya da sunan wani, komai yawan takardun da suka sa wa hannu a gefe, a idon shari'a fili na mai sunan ne. Idan ya rasu magadansa ne za su gada, idan ya ci bashi da takardar banki ne zai ƙwace. Abin da baƙo zai iya samu bisa ƙa'ida shi ne haya, ko haƙƙin amfani na wa'adi idan yana da takardar zama, ko kuma ya yi rajistar kamfanin zuba jarin waje, kamfanin ya sami haƙƙin gini na shekara 30 da ake iya ƙara wa 20, a kuma sabunta. Wannan na ƙarshe yana buƙatar jari mai nauyi da biyan haraji da kai rahoto, ba na mai neman ɗan gidan hutu ba ne. Ko auren 'yar ƙasa ba ya buɗe ƙofa: idan babu yarjejeniyar raba dukiya tsakanin ma'aurata, ita kanta matar mallakarta na iya shiga matsala, sai a 2016 ne kotun tsarin mulki ta yarda a ƙulla irin wannan yarjejeniya ko bayan an yi aure.

Bayan wannan akwai wata ƙura. Gonaki da yawa a ƙauyukan Lombok ba su da takardar mallaka ta ofishin filaye na ƙasa. Abin da ke hannun mutane tsohuwar takardar haraji ce da suke kira pipil, sau da yawa da sunan kakan da ya daɗe a ƙasa. Ta Amaq haka take. Gwamnati ta fara wani shiri tun 2017 na bi ƙauye-ƙauye ana awo ana ba da takardu kusan kyauta, an kuma ba da miliyoyi, amma inda gado bai rabu a rubuce ba aikin tsayawa yake. A al'adar Sasak ta dā maza ne ke cin gona, mata su tashi da kayan ɗaki, yanzu kuwa mata na zuwa kotun addini suna neman rabonsu na fara'ili, kuma suna samu. Mai saye zai iya biyan mutum ɗaya, bayan shekara biyar 'yan'uwa bakwai su bayyana. Sannan akwai dokar 2009 mai kare gonakin abinci, wadda ta hana mayar da wasu gonakin shinkafa filin gini. Dillali ba zai fara gaya maka wannan ba.

Amma ni abin da ya fi damuna ba asarar mai saye ba ce, shi yana da inda zai koma. Mai gonar nake ji. Na tambayi Amaq me zai yi da kuɗin in ya karɓa. Ya ce, “Pak Haji, kai ka ga Ka'aba, ni ban gani ba.” Nan bakina ya mutu. Indunusiya ce ke da kaso mafi yawa na mahajjata a duniya, kujeru 221,000 a shekara, amma masu nema sun ninka haka sau da yawa. Mutum zai ajiye rupiya miliyan 25 a ba shi lamba, sannan ya jira shekara ashirin da wani abu. Dattijo mai furfura ya san lissafin ba zai kai shi ba, sai dai ya bi ta kujerar musamman mai tsada wadda jiranta bai kai haka ba, ko ya yi umara. Gonaki da yawa a Lombok ta wannan ƙofa suka fita daga hannun masu su. Wane ne ni da zan ce wa bawan Allah kada ya nemi ɗakin Allah? Abin da na iya faɗa kawai shi ne malamansu da namu sun haɗu a kan cewa hajji na mai iko ne, kuma ba a wajabta wa mutum ya sayar da abin da iyalinsa ke ci ba. Ya ce Tuan Gurunsu, wato babban malaminsu, ma haka ya faɗa a wa'azi. Ya yi shiru, ya ƙara da cewa zuciya ce ba ta jin wa'azin.

Ita ma hayar, da ake nuna ta fi sauƙi, na dube ta da kyau ban ga sauƙin ba. Kuɗin shekara 25 da aka karɓa a dunƙule ba ya shekara 25 a hannu. Za a fanshi jingina, a yi biki, a sayi babur, a yi hajji, a rufa wa wannan da wancan asiri, cikin shekara uku ko huɗu ya ƙare. Saura sama da shekara ashirin ba gona ba kuɗi. Ranar da filin zai dawo kuma an zuba masa kankare, an toshe magudanar ruwa, ba zai sake yin shinkafa ba. Jikokin da ya kamata su gada sai su zama masu shara da wankin zannuwan gado a kan ƙasar kakansu, in ma an ɗauke su.

Ba zato nake yi ba. Abokina ya kai ni kudancin tsibirin, wajen Kuta da Mandalika, inda gwamnati ta ware fiye da hekta 1,000 don yawon buɗe ido, aka gina filin tseren babura da ya karɓi gasar MotoGP a Maris 2022. Tituna sun yi kyau, otal-otal sun tashi, matasa sun sami aiki, wannan gaskiya ne. Amma tsaunukan da ke kallon teku an yanyanka su an kafa alluna da Turanci, kuma a 2021 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam sun fito fili sun koka kan yadda aka tashi mazauna wurin ba tare da diyyar da ta dace ba. Mutanen Tetebatu na ganin wannan, suna kuma ganin Bali, inda gonakin shinkafa ke komawa gidajen haya, rijiyoyin otal na shanye ruwan manoma. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ruwan ma shi ne gaba da komai. A ƙauyen akwai mutumin da manoma ke zaɓa ya kula da rabon ruwa, ana ce masa pekasih. Shi ke cewa yau layin wane, gobe na wane, shi ke tara mutane gayyar yashe magudana kafin dashe. Na bi shi wata safiya muna tafiya a kan kunyoyi, yana cire ciyawa da leda daga bakin kwararo, yana ɗaga wani ɗan katako a nan ya saukar da wani a can. Tsarin na tafiya ne domin duk wanda ke shan ruwan manomi ne, yana zuwa gayya, yana jin kunyar maƙwabci. Ranar da fili na sama ya zama na wanda ke zaune a wata ƙasa, mai wurin ninƙaya da bututu, wa pekasih zai je ya yi wa magana?

Kada a ɗauka ina cewa baƙi annoba ne. Akasin haka na gani. Tetebatu ta daɗe da sanin baƙi, tun zamanin mulkin Holan ake hawowa shan iska, kuma a 2021 tana cikin ƙauyuka uku da Indunusiya ta gabatar a gasar ƙauyukan yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da Wae Rebo da Nglanggeran, ta ƙarshen nan ce kuma aka zaɓa. Abin kallo ba ya ƙarewa: matsirgar ruwan Jeruk Manis a cikin gandun Rinjani, wata ƙarama a cikin kwazazzabo da sai ka tsunduma ƙafa a rafi kafin ka kai, dajin da baƙaƙen birai masu dogon gashi ke tsalle a kan itatuwa, masu saƙar gora a Loyok, maƙera a Kotaraja, mata masu saƙar hannu a Pringgasela. A bayan gidaje kuma ga kofi, koko, kanumfari, fiya, ayaba da gwanda. Gidaje da yawa sun gina ɗaki biyu ko uku na gora a gefen gona suna saukar baƙi, uwar gida na dafa abinci, ɗa na yin jagora, ƙane na ɗauko baƙi a babur. Na ga samarin da suka koyi Turanci da Faransanci a bakin baƙi, suka fasa tafiya Maleshiya. Wannan shi ne irin yawon buɗe idon da nake wa ƙauyen fata, domin baƙo ya zo ya biya ya tafi, gona na nan, shinkafar da ya zo ɗauka hoto ma ita ce abincin gidan.

Sai dai ba kasuwa ce da za a jingina da ita a saki fartanya ba. A Yuli da Agusta 2018 girgizar ƙasa ta yi ta kaɗa Lombok, mutane sama da 500 suka rasu, mafi yawa a arewa, baƙi suka watse. Ba a gama farfaɗowa ba korona ta rufe ƙasar a 2020, sai 2022 aka buɗe sosai. Masu masauki sun gaya mini cewa a shekarun nan wanda ke da fangali ya ci abinci, wanda ya sayar ya zuba duka a gini ya sha wuya. Ko a lokacin lafiya, mafi yawan baƙi Turawa ne da ke kwana ɗaya ko biyu a hanyarsu tsakanin tsibiran Gili da bakin tekun kudu, kuma sun fi yawa a watannin rani. Da damina ɗakuna kan zauna ba kowa, hawan Rinjani ma rufe shi ake yi daga Janairu zuwa Maris. Hanyar ƙauyen ƙunci gare ta, leda ta fara cika magudanai, asibiti babba sai garin Selong. Tun 2015 gwamnatin tsakiya ke tura kuɗi kai tsaye ga kowane ƙauye bisa dokar ƙauyuka ta 2014, da su aka yi wa lunguna daɓen kankare, amma kwashe shara har yanzu aikin sa-kai ne na matasa.

Wani abin da na yi ta tunani a kai shi ne Musulmi matafiya. Lombok ta ci lambar wurin yawon buɗe ido na halal a wani biki da aka yi a Abu Dhabi a 2015, amma a ƙauyen ban haɗu da Balarabe ko ɗan Afirka ko ɗaya ba. Alhali ga mai iyali da ke son hutu inda ba zai tambayi yadda aka yanka nama ba, inda kiran salla ke tashinsa, ban san wurin da ya fi nan dacewa ba. Ga ɗan Najeriya dai hanyar ba ta da sauƙi. Lokacin da na nemi biza ƙasarmu na cikin 'yan ƙasashen da sai an yi musu tantancewa ta musamman a Jakarta, da wanda zai tsaya maka a can, kuma tana ɗaukar lokaci. Laifin wasu ne ya shafi kowa: an zartar wa 'yan Najeriya hukuncin kisa kan safarar ƙwaya a 2015 da 2016, don haka kada ka karɓi saƙon kowa a jakarka, ko na wa ne. A ƙauye kuwa ban ga komai ba sai karamci. Yara na bina suna dariya, manya na neman mu ɗauki hoto, da na yi sallama kuma fuska ta sake. Wanda zai je ya riƙe takardun kuɗi a hannu, domin na'urar cirar kuɗi sai an sauka gari, ya tafi da rigar sanyi saboda dare, ya kuma tuna agogonsu na gaban namu da awa 7.

Daren da zan tafi aka sake zama a kan rumfa, aka kira na Maleshiya ta waya aka sa a tsakiya. Ban ji duk abin da aka faɗa ba tunda da harshen Sasak ake yi, abokina na tsinto mini kaɗan-kaɗan. Babban wa na son a karɓi hayar a fanshi jingina ya dawo gida ya ga 'ya'yansa, kuma ba wanda zai ce bai yi gaskiya ba. Abokina na son a gina ɗakunan baƙi da kuɗin da ya tara. Inaq ce ta kawo maganar da ta tsayar da kowa, ta ce 'yarta da aka aurar jiya-jiya tana da rabo, ba za a yi cinikin komai ba sai an san na kowa. Aka tsaya a kan cewa za a fara kai magana ofishin ƙauye a auna gonar, a raba bisa fara'ili, a fitar da takarda, dillali ya jira. Akwai wani gefe mai duwatsu da ruwa ba ya hawa, wanda ba a taɓa dasa shinkafa a kai ba, Amaq ya yarda abokina ya gina ɗaki ɗaya a nan a gwada shekara guda. Maganar hajji kuma aka ce 'ya'yan za su haɗa kuɗi su fara kai shi umara bayan girbin taba.